Ba Shi Ya Ɗaure Fuskar Ba

"Nu'uman... ni ce fa, Ikilima."

"Na sani."

Iyakar abin da ya ce ke nan, da wata murya can ƙasan maƙoshi kamar mai rowar magana. Yana tsaye jingine da bangon zauren gidanmu, ni kuma ina zaune a gefen tabarma da kwanon furar da na dama masa tun azahar, na hana kowa a gidan ko leƙa ta.

"To ka zauna mana."

"Nan ma ya yi."

Na ɗaga kai na kalle shi da kyau. Ya rame, wannan na shirya masa, duk wanda ya yi jinya irin tasa dole ya zube. Abin da ban shirya masa ba shi ne fuskar. A ɗaure take tamau. Babu murmushi, babu ɓacin rai, babu komai. Ido kawai ya zuba mini, ya daɗe bai ko ƙifta ba, kamar ranar ya fara ganina.

"Na yi maka laifi ne?"

"A'a."

"Haba masoyi... tun tsakiyar damina rabon da in sa ka a ido. Ko 'yar dariyar nan ba za ka yi mini ba?"

Ya ci gaba da kallona.

Sai na jawo makamina na ƙarshe, wanda bai taɓa ba ni kunya ba.

"Ya labarin dangin Alƙali?"

Alƙali sunan wani rago ne, zan zo kan labarinsa. Da ambaton sunan nan kaɗai nakan sa Nu'uman ya riƙe ciki. Ranar kuwa fuskar ko gezau. Na dai ga hannunsa na dama ya ɗago a hankali yana rawa, ya nufi hularsa, amma hawaye ya riga ya rufe mini ido, ban tsaya ganin abin da zai yi da ita ba.

Ana cikin haka muka ji gyaran muryar mahaifina, Malam Sada, ya dawo daga sallar la'asar tare da aminansa biyu. Na suri mayafi na faɗa bayan ƙyaure. A Daura kowa ya san yadda saurayin da aka ba ɗiya yake gaida suruki: tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya zube ƙasa, ba ya ɗago kai sai an ce ya tashi. Nu'uman ma da can har gwiwarsa sai ka ji ta bugi ƙasa.

Ranar sai ya ɗan matso daga jikin bango, ya rusuna wuya kaɗan, ya tsaya ƙiƙam.

"Barka da yamma, Malam."

Ni da nake dab da shi ma da ƙyar na ji.

Malam ya dube shi daga hula har takalmi. Aminansa suka kalli juna, suka kalli ƙasa.

"An ce mini ka warke," in ji Malam. "Na gani."

Ya wuce cikin gida, furar nan kuma kaji suka sha.

*

Bari in koma baya kaɗan, don ku san wanda nake kuka a kansa.

Gidanmu yana unguwar da ke bayan rijiyar Kusugu. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a zauren Malam ya zama wurin sulhu, masu rigimar gado da na iyakar gona duk nan suke fara biyowa kafin su je gaban alƙali. Malam mutum ne mai sanyi, amma abu biyu ba ya wasa da su: hujja da ladabi. Zancen dare kuwa tuni ya soke shi a gidansa. Duk mai son ɗiyarsa sai dai ya zo tsakanin la'asar da magariba, a zaure, ƙofa a buɗe.

Wata shekara ana gobe Sallar Layya, aka aiko masa da rago daga kasuwar Mai'adua. Wanda ya kawo shi a bayan babur wani dogon saurayi ne mai hula a karkace. Ana kwance ragon ya fizge, ya bi ta tsakanin ƙafafun ɗaliban Malam, ya faɗa cikin gida, ya yi karo da tukunyar kunun da nake damawa. Saurayin ya biyo shi a guje ko sallama babu, santsin kunu ya kwashe shi, ya zauna daɓas a gabana.

Na buɗe baki zan zazzaga masa masifa, sai na ga dariya yake yi.

Ban taɓa ganin mai dariya irin tasa ba. Da duk jikinsa yake yi, kuma in ta kai masa karo sai ya sa hannu ya tura hularsa gaba har ta rufe masa ido, wai kada a ga hawayensa.

"Ki yi haƙuri," ya ce daga ƙarƙashin hular. "Wannan ragon alƙali ne, shi ya yanke hukunci in zo nan."

Aka yanka Alƙali washegari, amma hukuncinsa ya zauna. Kafin wata Sallar ta zagayo manyan Nu'uman sun kawo goro, an sa rana bayan kaka. A Mai'adua Nu'uman Mai Fara'a ake ce masa. Dillalan kara, kasuwar dabbobi, suna cewa ko tsohuwar akuya ya riƙe sai ta sayu, don mai saye yana dariya zai biya. Ni kuwa ban ɓoye wa kowa ba, dariyar nan ce ta kama ni.

Yana da gonar gero a gefen wani tafki a bayan garinsu. Da gero ya fara ido tsuntsaye suka dame shi, sai ya kafa bukka a can ya tare. Ya sha gaya mini a waya cewa belbelu sun cika bakin ruwan fari fat, sauro kuma kamar ka sa ƙwarya ka kwasa.

"Ka sa gidan sauro mana."

"Ke dai bari, geron biki nake tsaro. Sauro ma ɗan gayya ne."

Zazzaɓi ya fara kama shi, aka ce maleriya ce, ya sha magani. Sai ciwon kai, sai sambatu, sai jijjiga. Yayansa Audi ya ɗauke shi a sume zuwa asibiti a Katsina. Aka gwada jini ba a ga maleriya ba. Ya daɗe kwance bai san inda kansa yake ba, har mutane suka fara sassauta murya in sun gan ni. Sai Allah ya tashe shi.

Ni ko dubiya ban je ba. Budurwar da aka sa wa rana ta kwashi ƙafa ta je gidan surukai? Da sai Daura ta ɗauka. Abin da na iya shi ne aike. Akwai Murja, ɗiyar ƙanwar babarsa, tare muke Islamiyya, kuma duk ƙarshen mako tana komawa Mai'adua. Ita nake ba fura da dambun nama da 'yar kwalbar turare ta kai masa. Kullum sai ta rungume ni ta ce, "Matar yaya, Allah ya bar ƙauna."

*

Da yammacin ranar da Nu'uman ya gaida Malam a tsaye, Malam ya kira Inna ɗakinsa. Bangon gidanmu ba ya riƙe magana, na ji komai.

"Ranar Juma'a za a mayar musu da kayansu."

"Haba Malam, yaron nan fa jinya ya yi."

"Ya yi, ya tashi. Da ƙafarsa ya zo. Mutum yana tafiya, yana cin tuwo, ya zo ƙofar gidana ya ɗaure mini fuska ya tsaya mini a ka, a gaban abokaina? In ya fasa ne ya faɗa da baki. Ɗiyata ba ta rasa masoya ba."

Washegari sai ga Murja, fuska cike da tausayi.

"Ni dai ban so in faɗa miki ba... fushi yake da ke. Wai yana bakin mutuwa ko leƙe ba ki yi ba."

"Amma ai ya san ba zan iya zuwa ba. Ga aike ina yi."

"Namiji fa kika ce. A gida ma in an ambaci sunanki sai ya ɗaure fuska. Ni kaɗai yake ɗan sakewa da ni."

Ta tafi ta bar ni. Na yi kuka har Inna ta gaji da rarrashi ta koma faɗa.

Ranar Laraba ina tankaɗe a tsakar gida, ƙanin Inna ya shigo gaishe ta. Suna hira wani abu ya ba shi dariya, ya sa hannu ya gyara hularsa. Rariyar ta tsaya a hannuna.

Hula.

Hannun Nu'uman da ya tashi yana rawa. Ina ya nufa in ba hula ba?

Na watsar da garin na shige ɗaki na kira shi. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin ya ɗauka.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Ran nan da na ambaci Alƙali, dariya ka yi?"

"Na yi mana," ya ce a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Har cikina ya ƙulle."

"Nu'uman... fuskarka ba ta yi ba."



"Haka kowa ke cewa. Wai na ɗaure fuska. Ni kuwa wallahi ji nake ina murmushi. Da na gan ki a zauren nan ji na yi bakina ya kai kunne."

Na toshe baki da mayafi.

"To Malam fa? Me ya hana ka tsugunawa?"

"Gwiwar ce ta ƙi. Na ba ta umarni ta yi kamar ba da ita nake ba. Na ji in na matsa zan kifa a kan Malam gaba ɗaya."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Maganar ma kafin ta fito an wuce wurin." Ya numfasa. "Kuma Murja ta ce kin ce ba za ki auri gunki ba. Na zo ne in gani da idona. Sai kika kalle ni kika fashe da kuka."

"Ni? Ni da nake aiko maka fura duk mako?"

"Wace fura?"

"Wadda Murja ke kawowa."

"Ai cewa take ita ta dama."

Da Murja tana kusa a lokacin, da an kai mu zauren Malam sulhu.

"Me likitocin suka ce da za a sallame ka?"

"Sun ce a je Kano a yi hoton ƙwaƙwalwa. Yaya Audi ya ga na tashi, ga girbi ya taso, aka ce sai an huta."

"Ba a huta ba, rabin raina. Jibi za a mayar da kayanka."

*

Ban taɓa tunkarar Malam da maganar aurena ba, ko sunan Nu'uman ban taɓa faɗa a gabansa ba. Ranar na jira ya idar da walaha, na durƙusa a bakin ƙofarsa, kaina a ƙasa.

"Malam, wanda... wanda ya zo ran nan. Bai warke ba."

"Wa ya gaya miki?"

"Fuskar ce ba ta motsi, da gwiwar. Ba da gangan ba ne."

"Shi ya ce?"

"Shi ya ce."

"Wanda ake tuhuma ai dole ya ce wani abu." Ya rufe littafin da ke gabansa. "Ikilima, mutane suna zuwa zauren nan suna kuka, wani mai gaskiya ne, wani ya fi mai gaskiyar iya kuka. Ba na yanke hukunci da hawaye. Kina da hujja?"

"Tana Kano. An ce akwai na'urar da ke ɗaukar hoton cikin kai."

Ya daɗe yana kallona. Ina jin yana mamakin yadda autarsa mai gudun kyankyaso ta iya zama a nan tana ja da shi.

"Na ɗaga Juma'ar," ya ce. "Amma ba na karɓar shaidar 'an ce'. Da idona zan gani."

Haka muka yi Kano a mota guda: Malam a gaba, Audi da Nu'uman a tsakiya, ni da Yaya Shatu, babbar yayata, a baya.  Ni dai ƙeyar Nu'uman nake kallo, da hular nan da ta zauna daidai a tsakiyar kai, ba a karkace kamar da ba.

Aka shigar da shi wani ɗaki mai sanyi, aka kwantar da shi aka tura cikin wata na'ura mai bakin rami. Daga waje muna jin ƙararta kamar injin niƙa. Malam yana ta jan carbi. Na lura ya fi saurin ja fiye da yadda ya saba.

Likitar mace ce, Dakta Siddiƙa, 'yar siririya mai tabarau. Ta kira mu ofishinta, ta manna wani baƙin faifai a jikin allo mai fitila. Sai ga hotuna jere, kowanne kamar an yanka kabewa an nuna cikinta.

"Baba, matso ka gani. Wannan toka-tokar duk ƙwaƙwalwa ce mai lafiya. To dubi tsakiya."

Malam ya gyara tabaraunsa. Ni ma na leƙa ta bayan kafaɗar Yaya Shatu. Wurare biyu ne suka yi fari, ɗaya dama ɗaya hagu, daidai wa daida, kamar goron da aka ɓare.

"Nan ciwon ya zauna. Ƙwaƙwalwar ta kumbura a lokacin, wannan tabon da ya bari ne. In muka ga irinsa a wannan wurin, dama da hagu, ga zazzaɓi da suma a ƙarshen damina, mun fi zargin wata ƙwayar cuta da sauro ke ɗaukowa daga jinin tsuntsaye ya sa wa mutum. Ba maleriya ba ce, shi ya sa maganinta bai yi masa komai ba. Za mu ƙara da gwajin jini don mu tabbatar. Ya zauna kusa da ruwa?"

"A bakin tafki ya tare," in ji Audi. "Tsaron gero."

"To ka ji."

Malam ya nuna farin da ɗan yatsa. "Ɗiyata, wannan wurin mene ne aikinsa?"

"Kamar zauren gida ne, Baba. Saƙon da zai je fuska, ko murya, ko gwiwa, ta nan yake bi a daidaita shi. Mai gidan yana ciki, yana ta aike. Zauren ne ya cushe."

"Wato ba shi ya ɗaure fuskar ba."

"Ciwon ne ya ɗaure ta."

Malam ya ƙura wa allon ido. Can ya ce, "To nuna mini inda ladabi yake. Shi ma ya taɓu?"

Ta yi murmushi. "Wannan kam na'urarmu ba ta ɗauka. Sai dai ku da kuka san shi ku faɗa."

Daga kujerar da yake zaune, da muryar nan ta can ƙasa, Nu'uman ya ce, "Yana nan, Malam."

Malam ya ji shi sarai. Bai juyo ba.

"Za ta sake?" ya tambayi likitar.

"Wasu tana sakewa sosai. Wasu kaɗan. Wasu a haka suke zama. Akwai maganin da za mu gwada, da motsa jiki kullum. Amma ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba."

*

A waje, ƙarƙashin wata darbejiya, Malam ya ce in matso. Su Audi suna can gefe kan benci.

"Hujjarki ta tsaya. Na yi wa yaron nan mummunan zato, zan nemi gafararsa." Ya gyara rawaninsa. "Amma yanzu ni ke da tambaya. Duk unguwa ta san abin da kika gani a wurinsa, dariyarsa ce. Kin ji abin da likita ta ce. Mai yiwuwa ki yi kwalliya ya kalle ki da wannan fuskar. Ki haihu, a miƙa masa jariri, ya kalle ki da wannan fuskar. Shekara da shekaru. Ba na so ki aure shi don tausayi, tausayi yana ƙarewa. In kin ga ba za ki iya ba, ni zan ɗauki laifin, babu wanda zai ji daga bakinki."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta yi mini zafi. Na tsaya na kalli Nu'uman daga nesa, zaune kamar an dasa shi, hannu yana ɗan rawa a kan cinya. Na tuna saurayin da ya zauna daɓas cikin kununa. Na yi kewarsa a lokacin, kewa mai tsanani, alhali ga shi a gabana.

Amsa da baki kuwa kunya ba za ta bar ni ba. Sai na ɗaga murya yadda za ta kai bencin, na ce da Yaya Shatu:

"Yaya, wai kin tuna ragon nan, Alƙali?"

"Wanda ya yi wanka da kunu?"

Na ce, "Malam, dubi can."

Fuskar ba ta motsa ba. Amma hannun ya tashi daga kan cinya, a hankali, yana karkarwa, ya kai ƙeya, ya tura hular gaba. Ya ƙara turawa. Har sai da ta sauko ta rufe masa ido, kafaɗunsa suna ɗan girgiza.

"Dariya yake yi," na ce. "Ni na san inda take fitowa."

Malam ya kalle shi, ya kalle ni, ya kau da kai yana goge tabarau da gefen riga.

"Ku tashi mu kama hanya," ya ce, "kada magariba ta riske mu."

Bayan mako guda Nu'uman ya zo gaisuwa. Malam yana zaune kan buzunsa a ƙofar gida, da aminan nan nasa biyu, kuma na tabbata shi ya aika aka kira su. Ina leƙe ta jikin ƙyaure. Nu'uman ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya matso, ya dafa bango, ya fara kokawa da gwiwarsa. Gumi ya keto masa.

Sai Malam ya dafa ƙasa ya miƙe tsaye.

"Bari, ɗana. Taka ta ƙi sauka, tawa ba ta ƙi tashi ba."

Ya kama hannunsa da hannu biyu suka gaisa a tsaye. Aminan ma dole suka miƙe, ɗayan har da nishi. Daga ranar, duk lokacin da Nu'uman ya doso ƙofar gidanmu, Malam zai tashi, kuma duk wanda ke zaune tare da shi sai ya tashi. Baƙi sun sha tambaya ko wani babban malami ne ya zo daga Gabas.

An ɗaura aure bayan an gama sussuka, da geron bakin tafkin nan aka yi furar biki. Murja ta zo, ta fi kowa guɗa. Ban ce mata komai ba. Na dai dama fura da hannuna na aika mata a kwano mai murfi, na ce a gaya mata wannan kam tata ce, ba sai ta kai wa kowa ba.

*

Magani ya yi nasa, motsa jiki ya yi nasa. Muryar ta dawo, ya koma kara yana dillanci. Fuskar ta sake kaɗan, gefen baki na hagu yakan ɗan ɗaga in abu ya yi daɗi ƙwarai. Dariyar da ta kama ni dai ba ta dawo ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, akwai ranakun da nake kewarta. Gidanmu kuwa ko kaza sai ta kwana cikin gidan sauro in ta yarda.

Abin da ban gane ba shi ne turmi. Kowace safiya sai ya dafa bakin turmina yana sauka yana tashi, yana sauka yana tashi, har bayan likita ta ce ya isa haka. In na tambaya sai ya ce, "Akwai inda nake son zuwa."

Raihana, 'yarmu ta fari, tana aji uku lokacin da Malam ya kwanta ciwon ajali. Muka je da hantsi. Yana kwance kan gado ya zama ɗan kaɗan. Da ya ji sallamar Nu'uman sai ya fara laluben gefen gado, yana neman ya tashi kamar yadda ya saba. Jikin ya ƙi.

"Ku ɗaga ni," ya ce. "Ɗana ya zo."

"A'a, Malam," in ji Nu'uman. "Yau nawa ne."

Bai dafa komai ba. Ya sauka a hankali, gwiwa tana rawa, ya sauka, ya sauka, har na ji ta taɓa ƙasa. Ya sunkuyar da kai.

"Barka da hantsi, Malam."

Malam ya miƙo hannu ya ɗora a kan hularsa. Yana murmushi, hawaye yana bi ta gefen kunnensa.

"Ka ƙwace mini aikina," ya ce.

Bai ƙara mako ba.

Hoton bikinmu yana nan rataye a falo. Ranar mai hoto ya yi ta fama, "Ango, saki fuska mana! Ango, ɗan murmushi!" har Malam ya ce da shi ya ɗauka kawai. Daidai zai danna na raɗa sunan ragon nan. Mai hoto ya ce hoton ya lalace, hula ta rufe idon ango, a sake wani. Na ce ko kusa. Ga ni zaune cikin lulluɓi, ga Malam tsaye kafaɗa da kafaɗa da surukinsa. Baƙi in sun gani sukan ce, "Kai, angon nan ya ɗaure fuska." Ba na gyara musu.

Jiya ina goge masa ƙura Nu'uman ya shigo daga kasuwa, yana warin awaki.

"Me kike kallo haka, uwargida?"

"Wani mutum ne mai ɗaure fuska. Ban san abin da na gani a wurinsa ba."

"Ai ba ke kika zaɓa ba. Hukunci aka yanke miki."

Na juyo na kalle shi. Furfura ta fara fito masa a gemu. Hannun ya tashi, har yanzu yana ɗan rawa, ya tura hular gaba har ta rufe masa ido.